Nazarin lamari: dattijo ɗan shekara 76 a Tahoua, mura ba zazzaɓi, sannan zona a haƙarƙari

Mutumin da wannan bayani ya shafa dattijo ne ɗan kimanin shekara 76, mazaunin cikin garin Tahoua, tsohon ɗan kasuwar albasa da ya daɗe yana kai kaya kurmi kafin ya sakar wa ƴaƴansa harkar. Zan riƙa ce masa Alhaji kawai. Ni ma'aikacin jinya ne, na bi lamarinsa tun ranar da aka fara kawo shi, kuma da yardar iyalinsa nake wannan rubutu. Cututtuka biyu suka same shi a hunturu guda, mura mai tsanani da zona, wato ƙuraje masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, dukansu na ƙwayar bairos, ɗaya ta shigo daga waje, ɗayar kuwa a cikin jikinsa take kwance tun yana yaro.

Kafin ya kwanta, Alhaji da ƙafarsa yake zuwa masallaci sau biyar, yana cin tuwonsa, yana shan furarsa, ba ya shan taba. An gano masa ciwon sukari shekaru shida da suka wuce, an ɗora shi kan metformin, sai dai shan maganin nasa na ganin dama ne: idan ya ji jikinsa garau, sai ya ajiye. A dantsensa na hagu akwai tabon lambar agana, wadda aka yi masa yana saurayi, zamanin gangamin da aka soma a Afirka ta Yamma a 1967. Da zai tafi aikin hajji an yi masa allurar shawara da ta sanƙarau. A 2021, bayan da Nijar ta fara rigakafin korona ranar 29 ga Maris, ya je an yi masa sau biyu. Allurar mura kuwa ba a taɓa yi masa ba. A gidan akwai uwargidansa mai shekara 68, da babbar ƴarsa wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, da matar ɗansa mai juna biyu, da jikoki bakwai. Ɗan nasa yana bida a Abijan.

Rashin lafiya ta farko

A tsakiyar Janairu, hazo ya rufe gari, jikoki uku suka dawo daga lakwal da mura. Jiki ya yi zafi rau, ga tari, ga ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Kwana uku zuwa huɗu suka miƙe suka koma wasa. Bayansu sai matar ɗan, ita ma ta sha jiki amma ta tashi.

Alhaji bai yi zazzaɓi ba. Abin da ƴarsa ta fara lura da shi, an kai masa fura da hantsi, da azahar aka tarar da ƙwaryar a rufe yadda aka ajiye ta. Washegari ya yi sallar la'asar a ɗaki, ya sallame, ya tambayi uwargida ko an kira la'asar. Da dare ya tashi zai kewaya, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a bakin ƙofa. Tari akwai, amma ba mai yawa ba. Duk wanda ya taɓa goshinsa sai ya ce da sauƙi, ai jikin ba zafi. Maƙwabta suka ce sanyi ne da tsufa, a dafa masa citta da kanumfari. Haka aka kwana biyar.

Ran na shida ƴar ta ɗauko shi a adaidaita. Da na gaishe shi na ce, “Baba Alhaji, ina ke maka ciwo?” sai ya ce, “Ba komai, ɗana, gajiya ce.” Ma'aunin zafi ya nuna 37.3. Amma da na sa ido a ƙirjinsa na ƙirga, numfashi 30 yake ja a minti guda, alhali baligi mai lafiya a zaune tsakanin 12 da 20 yake. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna oksijin ɗin jininsa 88 cikin 100. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, harshe ya yi fari. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, sukari kuma ya hau sosai. Likita ya sa abin saurare a bayansa, ya ji ƙasan huhun dama ya cika. Aka tura shi babban asibiti a ranar, hoton ƙirji ya tabbatar da nimoniya, wato ciwon huhu, aka sa masa oksijin, da ƙarin ruwa, da allurar ceftriaxone mai kashe bakteriya, da insulin na ɗan lokaci.

Ba a aika samfurin majinarsa awo ba. Likitocin sun yanke cewa infuluwenza ce, wadda muke ce wa girip, ta buɗe hanya, bakteriya suka biyo baya suka sauka a huhu. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: mutum huɗu sun kwanta a gida ɗaya cikin mako guda da alamomi iri ɗaya, kuma lokacinta ne. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana bin sawun wannan mura a Nijar tun 2009, kuma abin da take gani shi ne cutar ta fi yaɗuwa a lokacin sanyi, wajen Janairu da Fabrairu.

Kwanaki biyar ɗin nan da aka yi a gida su ne suka fi tsaya mini a rai, domin ba sakaci ba ne ya jawo su. Mutanen gidan suna ƙaunar tsohonsu, suna kuma duba shi dare da rana. Alamar da suka sani suka nema, ba su same ta ba. Zazzaɓi ba ƙwayar cuta ke kawo shi da kanta ba, jiki ne ke yin sa: ƙwayoyin garkuwa su ga baƙo, su saki sinadarai cikin jini, sinadaran su isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ɗaga zafin jiki. A wurin tsofaffi wannan saƙo ya kan yi rauni, ga shi kuma zafin jikinsu na yau da kullum ya ɗan fi na matasa ƙasa. Tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da cuta mai tsanani ta kama ba sa yin zazzaɓi, ko su yi ɗan kaɗan. Abin da ke bayyana a madadinsa shi ne abin da aka gani ga Alhaji: ƙin abinci, ruɗewa, faɗuwa, saurin numfashi, wani lokaci sakin fitsari ga wanda bai saba ba. Dattijon da jiya yake lissafin kuɗin buhuna da ka, yau ya kasa tuna ko ya yi salla, ba tsufa ba ne ya sauko masa dare ɗaya. Ciwo ne, kuma a ranar ya kamata a kai shi likita. Da an kawo shi cikin awa 48 na farko, akwai maganin oseltamivir da ke rage ƙarfin infuluwenza, in an same shi, kuma ko ba a same shi ba, da an tare bushewar jiki da hawan sukari tun ba su yi nisa ba.

Me ya sa ƙwayar da jikoki suka kakkaɓe cikin kwana uku ta kai kakansu ga oksijin? Akwai matakai biyu.

Na farko a hanci da maƙogwaro yake. Da bairos ya shiga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyar numfashi, su kan saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda ke sa maƙwabtansu su rufe ƙofa kafin bairos ɗin ya yaɗu. Jikin yaro na yin wannan cikin sa'o'i. Na tsoho yana jinkiri, kuma abin da yake saki bai kai ba, sai ƙwayar ta sami sararin hayayyafa ta gangara ƙasa. A zamanin korona an gano wani abu da ya ƙara haske a nan: wani bincike na 2021 ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 70 jikinsu na ƙera sinadaran da ke kashe nasu intaferon ɗin, kuma an sami irin waɗannan sinadarai a kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda korona ta yi ajalinsu. Ban da wannan, tarin tsoho ba shi da ƙarfin fitar da majina, ƴan gashin da ke share hanyar numfashi su ma sun rage aiki, ga ƙurar hunturu tana ƙara musu nauyi.

Mataki na biyu ya fi zurfi. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata ƴar tsoka da ake kira timus, wadda sai a 1961 wani mai bincike, Jacques Miller, ya gano amfaninta. A cikinta ake horar da ƙwayoyin T, waɗanda ke gane ƙwayar jikin da bairos ya shiga su kashe ta, su kuma taimaka wa ƙwayoyin B su ƙera antibodi, wato sinadaran da ke kama ƙwayar cuta a jini. Timus ta fi aiki a ƙuruciya. Bayan balaga sai ta riƙa ƙanƙancewa, kitse na maye gurbinta, har ya zamana ɗan shekara 70 saura kaɗan ya rage masa. Ma'ana, sababbin ƙwayoyin T, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da kowace cuta ba kuma a shirye suke su koyi sabuwa, suna ta raguwa. Waɗanda suka cika jinin tsoho su ne masu riƙe da tarihin cututtukan da ya taɓa yi. Wani babban kasonsu ma ya ƙare ne a gadin ƙwaya guda, CMV, wadda kusan kowane baligi a ƙasashenmu ke ɗauke da ita tun yarinta ba tare da ta sa shi ciwo ba, amma jiki bai taɓa daina tsaronta ba. Da na yi wa Alhaji wannan bayani bayan ya farfaɗo, da harshen kasuwa na yi masa: dillalin da ya shekara hamsin a tasha yana gane tsofaffin abokan cinikinsa da murya tun kafin su sauko daga mota, amma baƙuwar fuska sai ya daɗe yana dubawa. Ita kuwa infuluwenza kowace shekara da ɗan sauyin kama take zuwa.

Tsohon sanin nan ba abin rainawa ba ne. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro da ke arewacin Turai, ta kama mafi yawan mutanen wurin, amma tsofaffin da suka yi ta a 1781, shekara 65 kafin nan, ba ta taɓa su ba. A 2008 an auna jinin mutanen da suka rayu bayan annobar mura ta 1918, dukansu sun haura shekara 90, aka tarar har lokacin jikinsu na ƙera antibodin wannan ƙwaya. Haka a annobar mura ta 2009, tsofaffi sun fi matasa tsira daga kamuwa, saboda ƙwayar ta yi kama da wadda suka sani tun suna yara. Lambar aganar da ke dantsen Alhaji ma, bincike ya nuna kariyar irinta kan shekara hamsin ko fiye tana nan a jini. Inda gizo ke saƙa shi ne koyon sabon abu, da saurin tashi idan an taɓa.

Akwai kuma wani abu da ke tafiya tare da wannan rauni, wanda masanin ƙasar Italiya Claudio Franceschi ya bayyana a 2000: jikin tsoho na zama cikin wani kumburi na ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa, ko ba ciwo. Ciwon sukarin da ba a kula da shi ba yana ƙara shi. Sakamakon haka, garkuwar da ta makara wajen tashi, idan ta tashi sai ta wuce gona da iri, ta lalata huhun da take son karewa, ta kuma taɓa jijiyoyin jini. Shi ya sa muka riƙa sa ido kan zuciyarsa. Wani bincike a Kanada a 2018 ya nuna hatsarin bugun zuciya na ninkuwa kusan sau shida a makon farko na infuluwenza.

Kwana tara ya yi a gado, aka sallame shi. Ya fito da sanda, wanda bai taɓa riƙewa ba. Kwanciyar kwana goma kan zaftare wa tsoho kusan kilo guda na tsokar ƙafafu, kuma dawo da ita aiki ne na watanni. Muka ce a ba shi ƙwai, da wake, da nono, da nama gwargwadon hali, a rage sukari a fura, a kuma riƙa zagayawa da shi tsakar gida safe da yamma ko ba ya so.

Rashin lafiya ta biyu

Mako biyar bayan sallama, ƴarsa ta kira ni da dare. “Majo, Baba na kukan haƙarƙarinsa na dama, wai kamar an ɗora masa garwashi. Ko ciwon huhun ne ya dawo?” Da safe muka duba. Numfashi daidai, oksijin daidai, huhu a sake, fata ba komai. Amma da na shafa wurin da bayan hannu sai ya zabura. Ciwon daga tsakiyar baya ya taso, ya bi ƙarƙashin hammata, ya tsaya a tsakiyar ƙirji. Likita ya ce mata ta riƙa ɗaga rigarsa tana duba wurin safe da yamma da fitila, duk abin da ta gani ta kira.

A rana ta uku ta gani: jajayen tabo, a kansu ƴan ƙuraje masu ruwa sun taru gungu-gungu, sun yi layi faɗin tafin hannu daga ƙashin baya zuwa ƙirji, gefe ɗaya tak, ba ko ƙurji ɗaya da ya tsallaka zuwa hagu. Zona ce. Kafin la'asar ya sha ƙwayar magani ta farko.

Zona ba baƙuwa ba ce a jikin mai ita. Ƙwayar ƙarambau ce. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, amma ƙwayar ba ta fita, ta kan bi jijiya ta je ta kwanta a gindinta kusa da laka, ƙwayoyin T na danne da ita shekara da shekaru. Ranar da suka yi rauni, saboda tsufa, ko wata doguwar jinya, ko sukari, ko ƙanjamau, ko magungunan da ke rage garkuwa, sai ta farka ta biyo jijiyar nan guda zuwa fata. Abin da ya sa take tsayawa a rabin jiki ke nan, iyakar inda jijiyar ta kai. Wani likitan karkara a Ingila, Edgar Hope-Simpson, shi ya fayyace wannan a 1965, bayan ya shafe shekaru yana rubuta duk wanda ta kama a cikin majinyatansa. Kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi ta a rayuwarsa, waɗanda suka kai shekara 85 kuwa kusan rabinsu. Alhaji ya haɗa uku: shekaru, sukari, da jinyar da ya fito daga cikinta. An yi masa gwajin ƙanjamau kamar yadda ya dace ga duk mai zona, ba shi da ita.

Maganin aciclovir ne, miligiram 800 sau biyar a yini har kwana bakwai, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. An auna ƙodarsa tukuna, tun da ta nan maganin ke fita, aka kuma ce ya yawaita shan ruwa. Sau biyar a yini abu ne mai wuyar riƙewa ga wanda ko sau biyu na metformin yana tsallakewa, sai muka zauna da ƴar muka tsara: bayan asuba, da walaha, da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya. Ta zana layuka a bayan kwalin maganin da biro, duk wanda ya sha ta soke. Ko ɗaya bai wuce shi ba.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa maganin, wannan ya ce a shafa toka, wancan ya ce man shanu da wani gari. Uwargida ta tsaya kai da fata ta hana, tofi kawai ta bari. Na ji daɗin haka ƙwarai, domin ƙurajen da suka fashe a jikin mai sukari, aka cusa musu ƙazanta, su ne ke zama gyambo. Wanki da ruwa mai tsabta da sabulu, a bushe, a rufe da ƙyalle mai laushi, ya isa. Da a fuska ta fito, musamman goshi ko kan hanci, da maganar ta zama ta likitan ido a ranar, domin tana iya makantarwa.

Mun raba matar ɗan da ɗakinsa har ƙurajen suka bushe. Ba a ɗaukar zona daga mai zona, amma ruwan ƙurajen na iya sa wa wanda bai taɓa ƙarambau ba ƙarambau, kuma ga mai ciki da jariri sabon haihuwa abin na da hatsari. Ita ta tsira. Autan jikokin, ɗan shekara huɗu da ba ya rabuwa da shimfiɗar kakansa, bayan mako biyu ya fito da ƙarambau, ya yi ta cikin sauƙi.

Ƙurajen sun bushe cikin mako uku, suka bar tabo. Ciwon bai tafi ba. Wannan shi ne mafi munin abin da zona ke bari ga tsofaffi: jijiyar da ƙwayar ta bi ta lalace, tana aika saƙon zafi ba dalili. Kashi 10 zuwa 18 cikin 100 na masu zona ke samun haka, kuma yawan shekaru na ƙara yiwuwarsa. Na tarar da shi wata rana da sanyin safiya zaune a zaure, ya tuɓe riga zuwa ƙugu, ya sa hannu ya tokare mayafi nesa da haƙarƙarinsa, domin ko yadi ya goge wurin sai ya ji kamar yankan reza. Barci ya gagara, ya daina zuwa jam'i don kada kafaɗar wani ta taɓa shi a sahu, magana ma ta ragu. Parasitamol bai yi komai ba. Likita ya ɗora shi kan amitriptyline don rage zafin jijiyar, mafi ƙanƙantar awo, da dare, da gargaɗin cewa ga tsoho tana iya kawo jiri, da bushewar baki, da riƙewar fitsari. Aka ajiye masa fitila da bokiti kusa da gado, aka kuma sa babban jikansa ya riƙa kwana a ɗakin.

Tambayar ɗansa

Ana cikin haka ɗan ya zo daga Abijan. Ya same ni da ɓacin rai a fuskarsa, ya ce, “Majo, ni da kaina na matsa wa Baba ya je a yi masa allura a 2021. To ina amfaninta?”

Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta biyu ce. Ta farko mai sauƙi: kowace allura da cutar da take karewa. Ta korona ba ta san infuluwenza ba, ba ta san zona ba. Cututtukan da suka kwantar da mahaifinsa, ba a taɓa yi masa rigakafin ko ɗaya ba.

Ta biyu ita ce wadda ba na son a ɓoye wa mutane. Allurar rigakafi darasi ce ga jiki, kuma jikin tsoho ba ya ɗaukar darasi kamar na saurayi. Bayan allura, a cikin kaluluwa ƙwayoyin B da na T ke haɗuwa su tace antibodi har su sami mafi kamawa. Da tsufa wannan aiki ya kan ragu, antibodin su fito kaɗan, kamunsu ba ƙarfi, su kuma riga na matasa bajewa. Allurar ciwon hanta nau'in B tana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su kai shekara 40 ba, amma a shekara 60 kusan kashi 75 ne. Wani nazari na 2006 ya ƙiyasta kariyar allurar mura ta gama-gari da kashi 70 zuwa 90 ga matasa masu lafiya, ga tsofaffi kuwa kashi 17 zuwa 53.

Ya ce, “Ashe ke nan ba ta da amfani gare su.” Na ce a'a, su ne ma suka fi kowa buƙatarta. A Amurka, inda ake ƙirga abin da kyau, kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na masu mutuwa da murar kowace shekara ƴan 65 ne zuwa sama. Rage kashi uku ko huɗu cikin goma na hatsari mai girma irin wannan ya fi rage kashi tara cikin goma na hatsarin da da ma ƙarami ne. Kuma ko allurar ba ta hana kamuwa ba, ta kan hana abin ya kai ga gadon asibiti.

Sannan jikin tsoho yana amsawa idan an san yadda za a yi masa magana. An ƙera allurar mura mai ninki huɗu na sinadarin da ke koya wa jiki gane ƙwayar, Amurka ta amince da ita a 2009, kuma gwajin da aka yi kan tsofaffi kusan 32,000 ya nuna ta fi ta gama-gari kariya da kashi 24 cikin 100. Wata kuma, wadda aka fara amfani da ita a Italiya a 1997, an haɗa ta da sinadarin da ke zaburar da garkuwa. Misalin da ya fi burge ni na zona ne. Allurar farko, Zostavax ta 2006, ta kare kusan kashi 64 na ƴan shekara 60 zuwa 69, amma kashi 38 kacal na waɗanda suka kai 70. Ta biyu, Shingrix ta 2017, wadda ake yi sau biyu da tazarar wata biyu zuwa shida, an sa mata mai zaburarwa mai ƙarfi, sai ga kariyarta ta kai kusan kashi 90 har ga waɗanda suka haura 70. Tsofaffin ba su sauya ba, allurar aka gyara. A 2023 kuma aka amince da allurar RSV, wata ƙwayar numfashi, ga ƴan shekara 60 zuwa sama.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu ko ɗaya daga waɗannan a tsarin rigakafinmu na yau da kullum. An gina shi ne kan yara da mata masu ciki, kuma akwai dalili: kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 ba su cika kashi 3 cikin 100 ba. Amma wannan ƙaramin kaso ya haura mutum rabin miliyan, kuma a kowane gida su ne ake jingina da su. A ganina, ko da allurar mura kaɗai aka fara, kowace shekara kafin sanyi, ga tsofaffi da masu sukari da masu ciwon zuciya, da an rage gadajen da muke cikawa a Janairu.

Kafin a kai can, akwai kariyar da ke zuwa ta hanyar yara. Japan ta yi wa ƴan makaranta allurar mura daga 1962 zuwa 1987, kuma an ƙiyasta hakan ya hana mutuwar mutum 37,000 zuwa 49,000 a kowace shekara, galibinsu tsofaffi. A nan ma, allurar nimoniya da aka shigar cikin rigakafin jarirai a 2014 tana rage ƙwayar da yara ke ɗauke da ita a hanci su kai wa kakanninsu. Na ce wa ɗan ya duba katin rigakafin kowane jika. Biyu suna da gibi, aka kai su aka cike.

Inda lamarin yake yanzu

Wata takwas bayan ƙurajen, ciwon jijiyar ya ragu har yana sa riga, yana barci, ya koma sahu, ko da yake ya fi son ƙarshen layi ta gefen bango. An fara janye amitriptyline a hankali. Sandar tana nan don tafiya mai nisa. Sukarinsa ya daidaita tun da ƴar ta karɓi ajiyar maganin. Gidan sun sayi ma'aunin zafi, amma abin da na fi koya musu shi ne ƙirga numfashi da agogon salula: in ya wuce 24 a minti yana zaune, ko ya ƙi abinci yini guda, ko maganarsa ta rikice, a kawo shi ba jira. Yaron da ke mura ba ya shiga ɗakin kakansa sai ya warke, gaisuwa daga bakin ƙofa. Ɗan ya ɗauki alkawarin nemo allurar mura daga Yamai kafin sanyi, ta mutum biyu, Alhaji da uwargida, a kawo ta cikin sanyi a yi musu a asibiti. Likita ya kuma shaida masa cewa yin zona sau ɗaya ba ya hana ta dawowa, don haka in Shingrix ta samu, Alhaji na cikin waɗanda ta dace da su.

Uwargidan ce yanzu ke gabanmu, domin ƴaƴan sun biya mata kujerar hajji. Allurar sanƙarau ba matsala. Ta shawara ce ke son natsuwa: ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma ga wanda ya haura shekara 60 aka yi masa karo na farko, hatsarin mummunan illa, ko da yake ƙanƙane ne, ya fi na matasa. Tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta amince allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, saboda haka mun sa a binciko tsofaffin takardunta ko an taɓa yi mata. In ba a samu ba, likita zai duba lafiyarta tukuna, a kuma yi mata da wuri, makonni kafin tashi, ba a kwana goman ƙarshe da doka ta gindaya ba.